Ganyen ƙasa ne ko na sama? Yadda nake gane ciwon shuka a barandata ta Agege

Duk wanda ya tashi a wajajen Kura ko Kadawa, da ya ga ganyen tumatir ya soma rawaya, hannunsa na kan buhun yuriya tun kafin ya gama tunani. Haka muka tarar ana yi, kuma a can galibi tana biyan buƙata, don abin da ƙasar lambunmu ta fi ƙarancinsa shi ne naitirojin. Ka barbaɗa, ka sako ruwa a fangali, kafin wata Juma'ar gona ta yi shar. Da wannan al'adar muke saukowa Legas, mu ɗora ta a kan shukar da ke cikin bokitin fenti a baranda, a ƙasar da ba irin tamu ba, tana shan ruwan da ba irin namu ba. A zuba taki, ganye ya ƙara ƙonewa, a sake zubawa, daga ƙarshe a tuge shukar a ce dama tumatir ba ya yi a kurmi.

Yana yi. Ni a kasuwar Mile 12 nake neman abincina, ina riƙe wa maigidana lissafin kwandunan da ake saukewa daga motocin Arewa, amma a Agege nake kwana, ciki da falo a bene. Abokan aiki sun daɗe suna yi mini tsiya, wai mutum yana yini cikin tumatir har ƙafarsa na santsi, sannan ya koma gida ya shuka tumatir. Ban taɓa samun amsar da ta gamsar da su ba. Ɗan lambu ne ni, idan ban ga abu yana toho a kusa da ni ba sai in ji kamar ba a gida nake ba. A barandar akwai tumatir da attarugu da alayyahu da yakuwa, a bakin tagar falo kuma na'a-na'a da ɗoɗɗoya. Gabas take kallo, tana samun rana tun daga safe har hantsi ya dubi ludayi, daga nan inuwar gidan maƙwabta ta rufe ta.

Bambancin ƙasar nan da tamu daga sama yake farawa. Ruwan da ke sauka a Legas a shekara ya haura milimita 1,500, a Kano kuwa yawancin shekaru ba ya kai 1,000. Nan ana tafka shi daga Afrilu zuwa Yuli, ya ɗan tsagaita a Agusta, ya dawo a Satumba da Oktoba. Shekara da shekaru wannan ruwa yana ratsa ƙasa yana wanke kalsiyam da magnesiyam da fotasiyam, yana nutsar da su can inda saiwa ba ta kaiwa. Abin da ya rage a sama shi ne ƙasa mai tsami. To wannan ƙasar ce masu sayar da furanni a bakin titi suke haɗa maka a buhu, sun ɗan gauraya ta da taki ta yi baƙi, ka gani ka ce ka samu ƙasar fadama.

Ana auna tsamin da wani ma'auni da ake kira pH, daga 0 zuwa 14. Wani masani ɗan ƙasar Denmak mai suna Sørensen ne ya fito da shi a 1909, yana aiki a ɗakin binciken kamfanin giya na Carlsberg, abin da ya sa nake cewa ilimi ba ya zaɓen ƙofar da zai fito. Lamba 7 ita ce tsaka-tsaki. Ƙasa da 7 tsami ne, lemon tsami yana wajen 2. Sama da 7 kuma an shiga ɓangaren kanwa da toka, wato masu kashe tsami, kamar yadda kowace mai girki ta sani idan yakuwa ta yi mata yawa a miya. Abin da mutane ba sa lura da shi shi ne tazarar da ke tsakanin lambobin. Ƙasa mai 5 ta ninka mai 6 tsami sau goma, ta ninka mai 7 sau ɗari. Don haka idan wani ya ce maka ai bambancin lamba ɗaya ce kawai, bai san abin da yake faɗa ba. Tumatir da attarugu sun fi jin daɗi tsakanin 6 da 6.8.

Da zarar ƙasa ta sauka ƙasa da 5.5, abubuwa biyu suke faruwa tare. Aluminiyam da manganis da ke kwance a cikinta suna narkewa su zama guba ga saiwa, sai ta daina tsawo, ta yi gajeru-gajeru masu kauri da ruwan ƙasa-ƙasa a baki. Sannan fosforas yana manne wa ƙarfe da aluminiyam ya ƙi sakuwa, musamman a jar ƙasar nan da ake ciko da ita. Abincin yana cikin bokitin, kai ka saya da kuɗinka ka zuba, amma shukar ba ta iya ɗauka. Rumbu ne cike da gero an kulle, makulli ya faɗa rijiya. Ƙara dami a ciki ba zai hana mutanen gida kwana da yunwa ba. Abin takaicin kuma shi ne ita kanta yuriyar, idan ƙwayoyin halittar cikin ƙasa suka sarrafa ta, tsami take bari a baya. A gona mai faɗi wannan yana ɗaukar shekaru kafin a ji shi. A bokitin lita 20 kuwa 'yan watanni sun isa. Yuriya kashi 46 cikin ɗari naitirojin ce, taki ne mai ƙarfi, kuma tun da aka buɗe masana'antar Dangote ta Lekki a 2022 a nan cikin jihar ake yin ta, ba wuyar samu gare ta ba. Sauƙin samun nata ne ma yake sa hannu ya yi nauyi.

Idan aka kira ni in duba shuka, ko aka turo mini hoto ta WhatsApp, tambayata ta farko ɗaya ce: wane ganye ne ya lalace, tsoho na ƙasa ko sabo na sama? Yawancin masu turo hoto ganye ɗaya suke cirowa su ɗora a tafin hannu su ɗauka, alhali rabin amsar tana wurin da aka ciro shi. Dalili kuwa, akwai sinadaran da shuka ke iya kwashewa daga tsohon ganye ta tura wa sabon toho idan ta ga sun yi ƙaranci: naitirojin, fosforas, fotasiyam da magnesiyam. Rashinsu daga ƙasa yake fara nunawa yana hawa. Akwai kuma waɗanda inda suka zauna nan suka zauna, ba sa tashi, kamar kalsiyam da ƙarfe da boron. Su sabon ganye ne yake fitowa bai samu ba, sai ciwon ya bayyana a ƙololuwa, tsofaffin ganyen kuma suna nan kore abinsu.

Rashin naitirojin shi ne mafi sauƙin ganewa, shi ya sa ake ɗora masa laifin kowa. Ganyen ƙasa ya koɗe gaba ɗaya, har jijiyoyinsa, launi ɗaya bai ɗaya, daga kore mai haske zuwa rawaya, sannan ya faɗi. Shukar duka ta yi siriri ta ƙi girma. Idan haka ka gani, kuma ƙasar ba a jiƙe take sharkaf ba, to ɗan tsunkule na yuriya ko kamfa a narke a ruwa zai nuna aikinsa cikin mako guda. Sai dai a tuna cewa ganye biyu ko uku na can ƙasa da inuwa ta rufe su, suna yin rawaya don tsufa kawai. Ba kowane rawaya ne ke neman magani ba.

Wanda na fi cin karo da shi a barandun Legas shi ne rashin magnesiyam, kuma shi ne aka fi kuskurewa. Shi ma a tsohon ganye yake, amma duba da kyau: jijiyoyin suna nan kore, tsakaninsu ne ya yi rawaya, ganyen ya zama kamar an zana masa reshe da koren alƙalami. Yawanci yana tasowa lokacin da tumatir ya fara ɗaukar 'ya'ya. Magnesiyam shi ne yake zaune a tsakiyar sinadarin da ke ba ganye launin kore, kuma yana cikin abubuwan da ruwan sama ya fi saurin wankewa. Takin kamfa 15-15-15 da kowa ke saya a mudu, waɗancan lambobi uku naitirojin ne da fosforas da fotasiyam, ba magnesiyam a lissafinsu. Ƙari a kan haka, fotasiyam idan ya yi yawa yana hana saiwa ɗaukar magnesiyam. Kenan mai ƙara kamfa a kan wannan ciwo yana ƙara rura shi ne. Maganin gaggawa shi ne gishirin Epsom da ake samu a kantin magani, babban cokali ɗaya a lita 4 na ruwa, a fesa a ganye da yamma bayan rana ta yi sanyi. Maganin dindindin kuwa a ƙasar yake, zan zo kansa.

Fotasiyam daga bakin ganye yake cin nasa. Gefen tsohon ganye ya yi rawaya, sannan ya bushe ya yi ruwan ƙasa kamar an bi shi da ashana, tsakiyar tana nan kore. Matsalar ita ce yawan taki ma irin wannan ƙuna yake yi. Abin da ke raba su shi ne saman ƙasar da bakin bokitin. Idan ka ga farin ɓawo kamar gishiri ya kwanta, ganyen kuma kore ne har ya yi duhu, ƙarshensa na lanƙwashewa ƙasa, to ƙoshi ne ya yi yawa. Sai a kwarara wa bokitin ruwa mai yawa har ya riƙa fita ta hujin ƙasa, a bar shi ya huta.

Fosforas kuma, ganye yakan yi kore mai duhu, bayansa da jijiyoyinsa su yi shuɗi-shuɗi zuwa ruwan makuba, shukar ta tsaya cak ba ta gaba. A Jos ko a Kano cikin tsakiyar hunturu sanyi kaɗai yana iya jawo wannan, ya kuma wuce da kansa idan gari ya ɗumama. A Legas ba mu da irin wannan sanyin. Saboda haka in na ga launin makuba a nan, tsamin ƙasa nake fara zargi kafin in ce a nemo takin supa, wato takin fosforas.

Yanzu mu hau sama. Wata Hajiya da ke ƙasan benenmu tana da attarugu a tsofaffin robobin wanka a tsakar gida. Wata rana ta tare ni a bakin matakala ta ce, "Ɗan nan, zo ka gani, barkonon nan nawa kamar an shafa masa kurkum." Sababbin ganyen sama sun yi rawaya fatau, wasu har sun kusa fari, da siraran jijiyoyi kore, na ƙasa kuwa lafiya lau. Na ce, "Hajiya, ina aka samo ƙasar?" Ta ce yara ne suka ɗebo mata a kangon da ake gini a bayan layi. Na tona da yatsa, sai ga ɓaraguzan bulo da busasshen siminti. Ta ƙara da cewa tana zuba tokar murhunta kullum don ta ji ana cewa tana da kyau. Wannan rashin sinadarin ƙarfe ne, kuma shi akasin duk abin da na faɗa a baya ne: ƙasar ta haye sama da 7, siminti da toka sun kashe tsaminta har sun wuce gona da iri, ƙarfe ya daina narkewa. Kamanninsa da rashin magnesiyam ɗaya ne, jijiya kore tsakani rawaya, amma wancan a ƙasa yake, wannan a sama, kuma maganinsu hannun riga ne. Da na ce mata ta ƙara toka da na kashe mata barkonon. Sauya ƙasar muka yi, na roƙe ta ta riƙa kai tokar bola.

Shi kalsiyam 'yan kasuwa mun san shi tun kafin mu san sunansa. Duk wanda ya taɓa zazzage kwandon dogon tumatir irin UTC ya ga waɗanda gindinsu ya yi baƙin tabo, ya lotsa, ya yi tauri. Ba tsutsa ba ce ta ci, kalsiyam ne bai isa ƙarshen ɗan ba lokacin da yake girma. Sau da yawa kuma akwai shi a ƙasar, ban ruwan ne ba daidai ba. Kalsiyam cikin ruwa yake tafiya daga saiwa zuwa sama, to bokitin da ya bushe ƙamas da azahar, aka cika shi fal da dare, gobe aka manta da shi, tafiyar tana yankewa. Mu da muke fita kafin asuba mu dawo bayan isha'i wannan ciwonmu ne. Abin da ya rage mini shi shi ne babban bokiti maimakon ƙarami, da rufe saman ƙasar da ɓuntun shinkafa ko busasshiyar ciyawa. Ɓawon ƙwai da ake ta yayatawa a Facebook yana da kalsiyam ɗin da gaske, amma kafin ya narke a ƙasa tumatirin ya gama rayuwarsa.

Af, tunda an ambaci intanet. Wanda ya shiga neman hotunan alamun nan zai lura cewa mafi tsari da kyan ɗauka daga shafukan masu noman wiwi a cikin ɗaki suke fitowa, na Kanada da ta halasta shi a 2018 da wasu jihohin Amurka. Su ne suka mai da auna pH kamar ibada, saboda kuɗin da ke cikin kowane tushe. A nan doka ta haramta nomansa, NDLEA kuma ba ta wasa da shi, ni ma ba ruwana da shi. Amma alamar rashin magnesiyam a ganyensu ita ce dai alamarsa a ganyen tumatir. Abin da nake ja wa mutane kunne a kai shi ne kada su kwafi adadin takinsu ko lambobinsu, don da yawansu ba a ƙasa suke shuka ba, a ruwa ne ko a saɓar kwakwa, inda ake riƙe pH ƙasa da na ƙasar noma.

Kafin a kai ga zargin abinci ko tsami, akwai masu shigar burtu da ya kamata a fara kora. Na farkonsu ruwa. Bokitin da ba a huda gindinsa sosai ba, ko aka ajiye shi a cikin faranti ruwa na kwana, saiwarsa shaƙewa take yi ta ruɓe, ganye ya yi rawaya ya yi laushi ko da ƙasar cike take da taki. Ɗaga bokitin ka ji nauyinsa, ka sansana hujin. Na biyu haske. Shukar cikin falo da ta yi tsawo ta yi siriri, tazarar ganye da ganye ta buɗe, tana karkata wajen taga, rana take nema, kuma babu takin da zai maye mata ita. Tumatir yana son aƙalla awa shida na rana. Na'a-na'a da ɗoɗɗoya za su yi haƙuri da bakin taga, tumatir ba zai yi ba.

Sai ƙwari da cuta. Juya ganyen ka duba bayansa. Ɗigo-ɗigon rawaya ƙanana kamar an tsira da allura, da ɗan saƙar gizo a tsakanin ganye, wasu mitsi-mitsin ƙwari ne masu son busasshen wuri da ruwan sama ba ya dukansa, wato daidai baranda. Idan ka girgiza shuka fararen ƙudaje ƙanana suka tashi, sabon ganye kuma ya ƙanƙance ya naɗe sama da rawaya a gefe, cutar da suke ɗaukowa ce, ba ta da magani, tugewa ake yi. Farin layi mai lanƙwasa ko fili-fili a cikin naman ganye aikin tsutsa ne. Waɗanda suka ga abin da tsutsar tumatir da ake kira sharon ta yi wa gonakin Kano da Kaduna a 2016, lokacin da kwando ya gagari mai saye a kasuwarmu, ba sa buƙatar a kwatanta musu. Akwai kuma wadda ta fi addabar tumatir a kudu: shuka tana kore shar da safe, da rana ta yanƙwane gaba ɗaya, ƙasa kuma a jiƙe. Yanke karan kusa da gindi ka tsoma bakinsa a kofin gilashi mai ruwa, ka bar shi bai motsa ba. In ka ga wani farin abu kamar madara yana zarya ƙasa daga bakin, ƙwayar cuta ce ta toshe hanyar ruwan. Wannan ƙasar ba a sake sa mata tumatir ko attarugu ko gauta.

To idan duk an kore waɗannan, sai a auna, don sai an gwada akan san na ƙwarai. 'Yar na'urar nan mai tsinke biyu da ake cakawa a ƙasa, mai araha, ba na ba da shawararta. Na ga wadda ake caka ta a ƙasa ta nuna 7, a caka ta a ƙasar da aka jiƙa da ruwan tsamiya ta sake nuna kusan 7. Takardar gwaji mai sauya launi ta fi ta gaskiya, kuma ana samunta wurin masu sayar da kayan kiwon tarwaɗa, don su ma suna auna ruwan tankinsu. Na'ura mai kamar biro ta fi duka, da sharaɗin ana daidaita ta da ruwan gwajinta lokaci-lokaci. Yadda nake yi: in ɗebo ƙasa daga tsakiyar bokitin inda saiwa take, ba ta sama ba, kofi ɗaya, in zuba ruwa kofi biyu, in dama, in bar shi rabin awa ya kwanta, sannan in tsoma takardar a ruwan da ya taso. Ruwan da ya fi dacewa da wannan shi ne tatacce irin wanda ake zuba wa batir.

Wanda bai da ko ɗaya, zoɓo yana ba da haske. Jiƙa busasshen zoɓo a ruwan zafi, ka tsarma shi da ruwa sosai har ya zama ja mai haske. Zuba masa lemon tsami ka ga ya ƙara ja, zuba masa ɗan ruwan kanwa ka ga ya juye ya yi duhu zuwa kore-kore. Idan ka zuba tataccen ruwan ƙasarka a ciki ya juya launinsa zuwa duhu, ƙasar ta haye ɓangaren toka sosai, irin ta Hajiya. Amma shi kansa zoɓon mai tsami ne, ba zai raba maka 5 da 6 ba, wanda kuma nan ne gizo ke saƙar a yawancin bokitanmu. Yara dai suna son kallonsa.

Ruwan ma a auna shi. Ruwan burtsatse a unguwanni da dama na Legas yana da ɗan tsami, wani yana sauka ƙasa da 6. Wani ɓangare na wannan tsamin iska ce narke a cikinsa, idan aka tara shi a buɗaɗɗen baho ya kwana lambar takan ɗan hau. A wajajen Lekki da Ajah kuma matsalar daban ce, ruwa mai jan ƙarfe da ɗanɗanon gishiri, shi gishirin kuwa ƙona bakin ganye yake yi irin ƙunar yawan taki. Ruwan sama yana wajen 5.6 amma ba ya da gishiri, shi na fi so. Ruwan da ke ɗiga daga na'urar sanyaya ɗaki yana da tsabta, sai dai ba kalsiyam ba magnesiyam a cikinsa, wanda ya dogara da shi kaɗai sai ya nemo su ta wata hanyar.

Gyaran ƙasa mai tsami abu ne na sannu. Mafi kyau shi ne garin farar ƙasa ta noma, musamman irin da ake kira dolomait, don shi yana kashe tsami kuma yana ba da kalsiyam da magnesiyam a lokaci guda, kusan duk abin da ruwan Legas ya kwashe. Babban cokali biyu ko uku a bokitin lita 20, a cakuɗa da ƙasar, a jira mako biyu ko uku, a sake aunawa. Ya fi kyau a yi haka kafin dashe. Kada a ɗauko farar ƙasar magina ta shafen bango a zuba wa shuka mai rai, tana da zafi. Tokar itace ma tana aiki, tana da fotasiyam da kalsiyam, kuma ta fi saurin tasiri, wanda shi ne haɗarinta: cokali ɗaya ko biyu, ba tafi ba, kada garin neman gira a rasa ido. Ba a haɗa ta da yuriya rana ɗaya, naitirojin ɗin tashi yake ya bi iska, har warinsa za ka ji. Tokar da aka ƙona leda ko katako mai fenti a cikinta ba ta shiga abincin da za a ci.

Na taɓa ba kawuna labarin nan a waya, shi da ya tsufa a lambu. Ya ce, "Kai yaro, idan tsami ne matsalar ai sai ka jiƙa kanwa ka zuba." Na ce, "Kawu, Allah ya ja kwana, a miya haka ne, a ƙasa kuwa ɓarna take." Kanwa za ta kashe tsamin, amma sodiyam ne ya fi yawa a cikinta, ɗan uwan gishiri, yana ƙona saiwa yana kuma sa ƙasa ta daskare ta ƙi shan ruwa. Ya yi shiru, can ya ce ai kuwa ya san wuraren da fari-farin nan ke fitowa a saman fadama, ko ciyawa ba ta son su.

Taki na gargajiya yana rage kaifin duk waɗannan matsaloli, don yana riƙe abinci kada ruwa ya wanke, yana kuma hana lambar tsalle sama da ƙasa. Mu 'yan Agege mahautar Oko-Oba na kusa, kashin shanu ba ya yankewa. Sharaɗin shi ne ya ruɓe ya huce, ya daina wari, ya zama baƙi mai laushi. Ɗanyen kashin kaji kuwa ƙona shuka yake yi a bokiti cikin kwana biyu. Haɗina shi ne kashi biyu na ƙasa, kashi ɗaya na ruɓaɓɓen taki, kashi ɗaya na ɓuntu ko saɓar kwakwa don iska ta samu shiga. Saɓar kwakwa, wadda ba ta wahalar samu tunda ga Badagry, sai an jiƙa ta an zubar da ruwan sau da yawa, domin takan zo da gishiri, kuma sabuwarta tana riƙe kalsiyam da magnesiyam ta hana shuka. Yashin da ake haƙowa daga gulbin Legas ma a wanke shi.

Bayan an yi gyara, abu ɗaya ake canzawa a lokaci guda, sannan a ba shi kwana goma zuwa mako biyu. Wanda ya fesa Epsom yau, ya zuba toka gobe, ya ƙara kamfa jibi, ko shukar ta farfaɗo bai san me ya yi aiki ba, in ta mutu ma bai san me ya kashe ta ba. Kuma ganyen da ya riga ya bushe a gefe ko ya yi tabo ba ya komawa daidai. Sabon toho ake kallo, da kuma ko rawayan ya daina hawa zuwa ganye na gaba. Wanda yake da babban fili a wajajen Ikorodu ko Epe, ba bokiti ba, gara ya kai samfurin ƙasarsa ɗakin gwaji. A Ibadan akwai NIHORT, cibiyar binciken kayan lambu ta ƙasa, da IITA, cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa.

Ga wanda zai fara yanzu, yakuwa da rama da alayyahu sun fi jure ƙasar nan yadda take, su ya kamata ya fara koyon hannu da su. Tumatir da attarugu ya bari sai ruwa ya ɗauke: ya haɗa ƙasarsa da dolomait a Oktoba, ya yi yafin iri a ƙaramin kwano, ya dasa cikin Nuwamba.